Da me za a fara wa manyan ɗalibai bayanin Musulunci: aƙida, ibada ko tarihi?

Malamin Dare, Rigasa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malamai da 'yan'uwa da ke wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani nauyi da aka ɗora mini. Kwamitin masallacin unguwarmu ya buɗe ajin manya tsakanin Magariba da Isha'i, kuma an ce ni zan riƙa ɗaukar darasin gabatarwa, wato bayanin abin da Musulmi ya yi imani da shi, da yadda yake bauta wa Ubangijinsa, da yadda addinin ya faro har ya iso gare mu. Ɗaliban ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawansu an haife su cikin Musulunci, suna salla suna azumi tun suna yara, sai dai neman abinci ya raba su da karatu da wuri. A cikinsu akwai 'yan kasuwa da teloli da magina da masu tuƙa keke napep. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka karɓi Musulunci da girmansu, waɗanda ko Fatiha ba ta gama zama a bakinsu ba.

Mu dai da allo aka fara mana, daga Fatiha da Nasi muka yi ta hawa, kuma sai da muka yi nisa sannan aka ɗora mana Ahalari da Ishmawi. Wannan hanya tana da albarka, amma tana cin shekaru, magidanci mai iyali kuwa ba ya da waɗannan shekarun. Wasu abokaina sun ce in fara da tsarki da salla domin su ne ake buƙata kullum, wasu sun ce tauhidi ne farko ko da za a yi wata uku a kansa, wani kuma ya ce in fara da tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin shi ne zai jawo zukata. Wanne ne daidai, kuma me ya wajaba kada in bari ya kuɓuce?

Tambayata ta biyu ta shafi halin garinmu. Kun san yadda Kaduna take, kowane layi da masallacinsa da fahimtarsa. Tun kafin a fara darasi an soma tambayata game da ƙabalu da sadalu, da Maulidi, da wazifa. Shin in amsa irin waɗannan tun yanzu, ko in ajiye su gefe?

Dattijon Unguwar Sarki

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka ikon sauke wannan nauyi. A ganina ba ka da buƙatar ƙirƙiro tsari, domin Manzon Allah da kansa ya bar mana shi a wurare biyu. Na farko shi ne wasiyyar da ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal lokacin da ya aike shi Yaman, inda ya umarce shi ya fara kiran mutane zuwa ga shaidawa babu abin bautawa da gaskiya sai Allah kuma Muhammadu Manzonsa ne, idan sun amsa ya sanar da su salloli biyar, idan sun amsa ya sanar da su zakka. Na biyu shi ne hadisin Jibrilu wanda Sayyidina Umar ya ruwaito, yana cikin Sahihu Muslim, kuma shi ne hadisi na biyu a Arba'una ta Imamu Nawawi wadda kusan kowace Islamiyya a garin nan take karantarwa. Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum ya yi tambaya a kan Musulunci, da imani, da ihsani, da alamomin tashin Alƙiyama, bayan ya tafi sai Annabi ya gaya wa sahabbai cewa ya zo ne ya koya musu addininsu. Idan ka ɗauki wannan hadisi ka shimfiɗa shi a kan makonni, ka gama tsara darasinka.

Saboda haka tauhidi ne farko, amma ba wata uku na muhawarar malaman aƙida ba. Abin da magidanci yake buƙata a matakin nan bai da tsawo. Allah ɗaya ne, bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, babu wanda ya yi kama da shi, shi ya halitta, shi yake rayawa, shi yake kashewa, kuma shi kaɗai ake bauta wa. Ma'anar Ƙulhuwallahu ke nan, kuma duk ɗalibanka na haihuwa sun haddace ta, da yawa daga cikinsu ba tare da an taɓa fassara musu ita ba. Ka fassara musu ita aya aya, ka biyo da Ayatul Kursiyyu. Daga nan ka nuna musu inda tauhidi yake shiga rayuwar yau da kullum, domin mutumin da ya san arziki na Allah ne ba zai je wurin boka neman sa'ar kasuwa ba, kuma ba zai tauye mudu don tsoron talauci ba.

Sauran shika-shikan imani biyar su biyo baya a taƙaice. Mala'iku halittu ne daga haske, ba sa saɓa wa Allah. Ka ambaci Jibrilu mai kawo wahayi, da Mika'ilu, da Israfilu mai busa ƙaho, da masu rubuta ayyukan bayi. Littattafai su ne Attaura ta Annabi Musa, da Zabura ta Annabi Dawuda, da Linjila ta Annabi Isa, da Alƙur'ani wanda ya zo a ƙarshe, mai surori 114 da muke kasawa izu sittin. Manzanni kuwa Alƙur'ani ya ambaci sunayen 25 daga cikinsu, daga Annabi Adamu har zuwa cikamakinsu, kuma imanin mutum ba ya inganta idan ya ƙaryata ko da ɗaya ne. Sai Ranar Lahira da abin da ke cikinta na tashi da hisabi da Aljanna da Wuta. Sai ƙaddara, alherinta da sharrinta. A kan ƙaddara ne nake so ka daɗe, domin a nan ne jama'armu suka fi yin tuntuɓe. Imani da ita yana nufin babu abin da ke faruwa sai da sanin Allah da nufinsa, amma bai ɗauke wa bawa zaɓi da alhakin aikinsa ba. Direban da bai duba burki ba ya kashe mutane ba shi da hujja da ƙaddara, haka ma wanda ya ƙi kai matarsa asibiti tana naƙuda. Lokacin da Sayyidina Umar ya fasa shiga Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko yana gudun ƙaddarar Allah ne, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Wannan ƙissa kaɗai ta isa darasi guda.

Da zarar ka gama wannan, ka shiga tsarki da salla, kuma a nan ne za ka ɓatar da mafi yawan lokacinka. Kada ka ɗauka cewa wanda ya yi shekara arba'in yana salla ya iya alwala. Ka sa a kawo buta, ka yi a gabansu, su ma su yi a gabanka. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce aka gada a ƙasar nan, farillan alwala bakwai ne: niyya, da wanke fuska, da wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, da shafar kai, da wanke ƙafafu zuwa idon sawu, da cuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon jinkiri ba. Ka koya musu wankan janaba ba tare da jin nauyi ba, domin manya ne masu iyali, kuma kunya a wannan babi ta ɓata sallar mutane da yawa. Ka koya musu taimama. Sannan salloli biyar da raka'o'insu goma sha bakwai, Asuba biyu, Azahar huɗu, La'asar huɗu, Magariba uku, Isha'i huɗu, da lokutansu, da yadda ake gyara rafkanuwa da ƙabli da ba'adi, da yadda wanda ya makara yake cika abin da ya kuɓuce masa bayan liman ya yi sallama.

Zakka ta fi shafar 'yan kasuwar da ke ajinka, kuma na lura da yawa suna ɗaukar ta kamar sadakar da ake bayarwa idan an ga dama. Ka bayyana musu cewa haƙƙi ce mai ƙa'ida: idan dukiya ta kai nisabi, wato kimar dinari 20 na zinari ko dirhami 200 na azurfa, kuma ta shekara a hannu, ana fitar da ɗaya daga cikin arba'in. Amfanin gona ana fitar da ɗaya cikin goma idan na damina ne, ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban-ruwa aka noma shi, kuma ba a jiran shekara. Waɗanda ake ba su kashi takwas ne, an jero su a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Azumi kowa ya san shi, sai dai ka tsaya a kan abin da ke karya shi da wanda aka yi wa rangwame, da zakkar fid-da-kai ta mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum. Hajji sau ɗaya ne a rayuwa ga mai iko. Ka faɗi rukunansa huɗu, harami da sa'ayi da tsayuwar Arfa da ɗawafin ifada, ka bar tafsilin ga ranar da ɗayansu zai nufi sansanin alhazai na Mando.

Ihsani kada ka manta da shi, wato mutum ya bauta wa Allah kamar yana ganinsa, in shi bai gan shi ba to Allah yana ganinsa. Tarihi kuwa, ni a ra'ayina, ya zo a zango na biyu bayan an gyara salla. Batun ƙabalu da sadalu da makamantansu ka gaya musu gaskiya a jumla ɗaya, cewa sallar mai kama hannu da ta mai sakin hannu duka sun inganta, ka ci gaba da darasinka.

Malamar Islamiyya, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na yarda da kusan dukkan abin da ka faɗa, amma ka yi mini afuwa, ina da ja a kan jinkirta tarihi. Na daɗe ina koyar da matan aure, kuma abin da na gani shi ne, hukunci idan ya zo shi kaɗai yakan zama jerin abubuwan da ake haddacewa a manta, amma idan aka ɗaura shi da lokacin da ya sauka da dalilin saukarsa sai ya zauna. Shawarata ga Malam ita ce kowane darasi ya ware masa minti goma na sira, kuma sirar ta tafi kafaɗa da kafaɗa da abin da ake koyarwa.

Ga abin da nake nufi. An haifi Manzon Allah a Makka a Shekarar Giwa, wajen 570 Miladiyya, ya tashi maraya, mutanensa suka san shi da amana tun kafin annabta, kuma wahayi ya fara sauko masa a kogon Hira yana da shekara arba'in. Ya yi shekara 13 a Makka, kuma mafi yawan abin da ya sauka a wannan zamani tauhidi ne da tashin Alƙiyama da ƙissoshin annabawa da haƙuri. Salloli biyar ba a farlanta su ba sai a daren Isra'i da Mi'iraji, dab da Hijira. Azumin Ramadan sai a shekara ta biyu bayan Hijira, shekarar da aka juya alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba, kuma a cikinta aka yi yaƙin Badar. Giya ma ba a haramta ta rana ɗaya ba, mataki mataki aka bi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da a ce abin da ya fara sauka shi ne hana shan giya, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba, amma sai aka fara da ambaton Aljanna da Wuta har zukata suka karkata. Ka ga ke nan tsarin da Baba ya ba ka daga sira ya fito, kuma ɗalibin da ya san wannan zai fahimci dalilin da ya sa aka fara masa da tauhidi, ba zai ga kamar ana ɓata masa lokaci ba.

Akwai wuraren da ba na so Malam ya wuce su da sauri. Na farko shi ne matsayin Nana Khadija, wadda ita ce farkon wanda ya yi imani, ta kwantar masa da hankali a ranar da ya dawo daga Hira yana rawar jiki, kuma ta ciyar da dukiyarta a kan addinin. Na biyu shi ne hijirar Habasha, wajen shekara ta biyar da annabta, lokacin da Annabi ya tura raunanan sahabbai wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa farkon Suratu Maryam, shi kuma ya ƙi miƙa su ga 'yan aiken Ƙuraishawa. Mutumin Kaduna, wanda maƙwabcinsa a kasuwa ko abokin aikinsa Kirista ne, yana da buƙatar jin wannan ƙissa, kuma yana da kyau ya san cewa Musulunci ya taka ƙasar Afirka tun kafin a yi Hijira zuwa Madina. Na uku shi ne abin da Annabi ya yi da isarsa Madina a 622: ya gina masallaci, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, ya rubuta yarjejeniyar zama tare da ta haɗa har da Yahudawan garin.

Bayan wannan sai a bi shekarun Madina goma a jere: Badar a shekara ta biyu, Uhudu a ta uku, Handaƙ a ta biyar, sulhun Hudaibiyya a ta shida, buɗe Makka a ta takwas, Hajjin bankwana a ta goma, da wafati a Rabi'ul Awwal na shekara ta 11, daidai da 632. Amma ina roƙon Malam kada ya mayar da sira jerin yaƙe-yaƙe, kamar yadda ake yawan yi wa yara. Hudaibiyya ta fi buƙatar bayani a kan Badar, domin a can ne Annabi ya karɓi sharuɗɗan da manyan sahabbai suka ga kamar an ƙware su, kuma cikin shekara biyu na zaman lafiya mutane suka yi ta shiga Musulunci. Haka ranar buɗe Makka, afuwar da ya yi wa waɗanda suka kore shi ita ce darasin.

Zamanin Halifofi shiryayyu ya isa a yi masa zama biyu. Sayyidina Abubakar ya yi daga 632 zuwa 634, kuma a zamaninsa aka tattara Alƙur'ani wuri guda bayan mahaddata da yawa sun yi shahada a Yamama, aka ɗora aikin a kan Zaidu ɗan Sabit. Sayyidina Umar ya yi shekara goma, a zamaninsa aka buɗe Sham da Misira da Farisa, kuma shi ya tsayar da ƙidayar shekara daga Hijira. Sayyidina Usman ya haɗa al'umma a kan mushafi ɗaya ya aika da kwafinsa manyan birane. Sayyidina Aliyu ya riƙe daga 656 zuwa 661 a cikin zamanin fitina. Game da wannan fitina, ga masu farawa, a faɗi cewa ta faru, a kame baki daga zagin kowane sahabi.

Baƙon Kakuri

Assalamu alaikum. Malamaina, ni ba malami ba ne, ina cikin irin mutanen da Malam ya ambata a ƙarshe, domin da girmana na karɓi Musulunci, kuma iyayena da yawancin dangina Kiristoci ne har yau. Ina so in faɗi abin da mutum irina yake buƙata, domin ya sha bamban da na wanda aka haifa a ciki.

Tauhidi ba ya ba mu wahala, domin shi ne ya kawo mu. Abin da yake da wuya shi ne Larabcin salla, da jin kunyar tsayawa a sahu kana tsoron kada ka yi kuskure a gaban jama'a. Saboda haka ina roƙon Malam ya haɗa kowane sabon musulunta da mutum ɗaya mai haƙuri da zai riƙa biya masa Fatiha da tahiya a wajen aji, kuma ya sanar da shi tun ranar farko cewa zai fara salla nan take, ya bi liman, ya riƙa tasbihi da hailala har Fatiha ta zauna. Wanda ba a gaya masa haka ba yakan yi makonni bai yi salla ba yana zaton sai ya haddace komai.

Abu na biyu shi ne iyaye. Wannan ita ce tambayar da take hana sabon musulunta barci, kuma sau da yawa ba ya iya furta ta a cikin taro. A karanta masa aya ta 15 ta Suratu Luƙman, wadda ta ce kada a bi iyaye a kan shirka amma a zauna da su a duniya da kyautatawa, da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, da ƙissar Asma'u 'yar Abubakar wadda Annabi ya umarce ta ta sadar da zumuncin mahaifiyarta alhali mahaifiyar ba ta musulunta ba. Mahaifiyata ba ta saki jiki da ni ba sai da ta ga hidimar da nake mata ta ƙaru ba ta ragu ba. A kuma bayyana matsayin Annabi Isa a Musulunci filla-filla: Manzon Allah ne mai girma, an haife shi ba uba, ya yi mu'ujizoji da izinin Allah, mahaifiyarsa ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya kira da sunanta, amma bawa ne ba abin bauta ba. Dangi za su tambaye shi wannan, ya kamata ya iya amsawa cikin ladabi.

Game da saɓanin ƙungiyoyi, ina goyon bayan Baba da dukkan zuciyata. Babu abin da yake rikita sabon shiga kamar a ce masa masallacin da ya yi salla jiya ba a bin limaminsa, alhali shi bai gama bambance farilla da sunna ba.

Mai Nazarin Tarihi, Malali

Wa alaikumus salam. Malama ta tsaya a 661, zan ɗora daga nan, domin ɗalibi zai tambaya yadda addinin da ya faro a Makka ya iso bakin kogin Kaduna. Daulolin da suka biyo baya ba sai an daɗe a kansu ba: Banu Umayya a Dimashƙa daga 661 zuwa 750, Abbasiyawa a Bagadaza har zuwa 1258 da Mongol suka rusa birnin, sai Usmaniyawan Turkiyya da halifancinsu ya ƙare a 1924. Abin da ya fi amfani shi ne a nuna cewa a ƙarnonin farko ne aka tattara hadisi aka tsara fiƙihu, kuma limaman mazhabobi huɗu, Abu Hanifa da Malik da Shafi'i da Ahmad ɗan Hambali, sun yi karatu a hannun juna ko a hannun ɗaliban juna. Shafi'i ɗalibin Malik ne, Ahmad kuma ɗalibin Shafi'i. Wanda ya san wannan ya samu rabin amsar tambayar ƙabalu da sadalu ba tare da an yi gardama ba.

Hanyarmu ta Arewacin Afirka ce. Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau a 670, birnin ya zama cibiyar Malikiyya, kuma daga can ne marubucin Risala ya fito, littafin fiƙihun da har yau ake karantawa a zaurukan Zariya da Kano. Fatake da malamai ne suka ratsa Sahara da addinin. Sarakunan Kanem sun musulunta tun ƙarni na 11, Mansa Musa na Mali ya yi shahararren Hajjinsa a 1324, kuma tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa daga Mali sun zo a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya zauna a Kano ya rubuta masa nasiha a kan yadda sarki Musulmi zai yi mulki. Katsina ta fitar da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17. Ina nanata wannan ne domin da yawa suna zaton Shehu Usmanu ne ya kawo Musulunci ƙasar Hausa, alhali ya tarar da shi da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya yi jaddadawa ne.

An haifi Shehu a 1754, ya yi kusan shekara talatin yana wa'azi da karantarwa kafin a kai ga yaƙi, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, ya rasu a Sakkwato a 1817. Malam Musa ne ya karɓo tutar Zazzau, ƙasar da muke zaune a cikinta. Amma ga Malamin Rigasa, abin koyi mafi kusa shi ne yadda Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka riƙa karantar da talakawa da harshen da suke ji, da kuma aikin 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta tsara 'yan taru, ta naɗa jajis suna shiga ƙauyuka suna koya wa matan aure addini ta hanyar waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Ajin manya na dare ba baƙon abu ba ne a tarihinmu.

Kaduna kuwa gari ne na baya-bayan nan, Turawa suka mayar da shi hedikwatar Arewa bayan Zungeru, fiye da shekara goma bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Duk da ƙuruciyarsa, a nan aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962 a ƙarƙashin jagorancin Sardauna Ahmadu Bello, a masallacin Sultan Bello ne Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa ya kuma rasu a 1992, ya daɗe yana tafsiri, kuma a garin nan ne Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi ya shafe shekaru masu yawa yana tafsirin Ramadan, rediyon Kaduna yana kai karatun malaman biyu har ƙasashen maƙwabta. Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun daɗe a ƙasar nan, Izala kuma an kafa ta a Jos a 1978. Ina ganin ya dace a gaya wa ɗalibai wannan a matsayin tarihi, da adalci, ba tare da malami ya mayar da ajin gabatarwa filin kare ɓangarensa ba.

Malamin Dare, Rigasa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, zan ɗauki hadisin Jibrilu kamar yadda ka ce, kuma na riga na nemi ladanin masallaci ya tanadar mana butoci. Malama, zan gwada minti goman sira, sai dai lokacin da ke tsakanin Magariba da Isha'i gajere ne, don haka zan nemi kwamiti ya ba mu daren Juma'a bayan Isha'i domin tarihin da ɗan'uwa na Malali ya kawo. Ɗan'uwana na Kakuri, maganar iyaye ba ta cikin abin da na tsara, zan sa ta a makon farko, kuma zan yi ta da su su kaɗai ba a cikin taro ba.

Saura abu ɗaya da nake so a ƙara mini haske. Tsofaffin ɗalibaina da suka yi makarantar allo da karatun Alƙur'ani a ruwayar Warshu suka saba, da rubutun nan namu na gargajiya, matasan kuwa da masahafan da aka kawo mana kyauta duka na Hafsu ne. Waɗanda za su fara Fatiha daga tushe, da wace ruwaya ya fi dacewa in fara musu, tun da limamin masallacinmu da Warshu yake jan salla?